Ƙullin da Akawal Ya Jiƙa

A Ƙasar Fadama, tun da dawaki suka kori Zakin Ƙetare, ba a sake naɗa sarki ba. Shugaba ake zaɓa, ya yi wa'adinsa, ya sauka. Kowa yana alfahari da wannan tsari, har da jakuna, waɗanda aka umarta su yi alfahari da shi.

Cikin shugabannin babu wanda sunansa ya kai na Akawal, baƙin ingarma mai farin tabo a goshi. Shi ne ya tsaya a gindin tsamiyar majalisa ranar tawaye, ya ce duk mai kofato an haife shi ba igiya a wuya. Aura, jakar gidansa, ta ji maganar da kunnenta, domin ita ta kawo masa ruwan da ya jiƙa maƙoshi kafin ya faɗe ta, igiyarta tana jan ƙasa.

Dokar igiya ba ta da wuyar ganewa. Duk ɗan da jaka ta haifa, uban gidanta zai ɗaura masa igiya da haƙoransa, kuma haƙoran da suka ƙulla su kaɗai ke da ikon kwancewa. Da Aura ta haifi Duna, alfadari baƙi mai farin tabo a goshi, Akawal ya zo da kansa ya ƙulla. Manyan baƙi sukan dubi goshin yaron, su dubi na mai gida, sannan su yabi kyan ciyawar bana.

Akawal bai taɓa cewa igiya abu ne mai kyau ba. Ya kira ta kunyar ƙasa, ya ce tana hana shi barci. Yakan faɗi haka a inuwa, jakunansa suna shigo da dawa rumbu. Duk kaka Aura takan tuna masa da alkawarin da ya yi mata na kwance wa Duna igiya, shi kuma ya ce lokaci bai yi ba tukuna: akwai zaɓe, ko kuwa dawakan Kudu za su fusata, ko kuwa ƙasa jaririya ce. Ana cikin jiran lokaci haƙoransa suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira Duna. A gaban Aura da wani ɗan majalisar Arewa mai suna Gunya, ya kama ƙullin da dasashi, ya yi ta mutsuka, yawu yana zuba a ƙirjin ɗansa. Ƙulli bai motsa ba. Ya jiƙe dai sharkaf. Kafin la'asar Akawal ya cika.

Magada suka yanke shawarar tura Duna ramukan kanwa na Kudu, inda ba a san wanda ya je ya tsufa ba. Gunya ya kai maganar majalisa. Aka bar Aura ta tsaya a bayan tsamiya, domin ana ƙirga kofaton masu igiya idan za a raba wa iyayen gidansu kujeru, amma ba a ƙirga bakinsu.

Gunya ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce ya ga niyyar marigayi da idonsa, kuma niyyar babba ta isa ta zama hukunci. Ya yi hawaye. Aura ta lura cewa yana magana yana tauna dawar da ɗanta ya ɗauko a bayansa.

Sai Kili, jagoran dawakan Kudu, ya miƙe.

"Ya ku masu girma," ya ce, "babu wanda ya fi ni ƙaunar uban ƙasa. Shi ya shimfiɗa mana doka, dokar kuwa ta ce haƙori, ba ta ce yawu ba. Da yana so ya kwance, ai ya yi shekaru da haƙoransa cif. Wa zai ce ya fi shi sanin abin da ya dace? Idan muka kwance abin da ya bari a ɗaure, mun ce ya yi kuskure ke nan. Wane ne a cikinku zai faɗi haka, kabarinsa bai bushe ba?"

Babu wanda zai faɗa. Gunya ma ya dubi ƙasa.

Aura ba ta san lokacin da ta zagayo gaban tsamiya ba. Muryarta ba ta tashi sama ba.

"Ranku ya daɗe, ni na tauna masa abinci tun da bakinsa ya mutu. Na san ranar da haƙorinsa na ƙarshe ya faɗi, kuma da safiyar ranar na roƙe shi. Ba uban ƙasa na roƙa ba. Ku dubi goshin yaron nan."

Shugaban zama ya sanar, cikin ladabi, cewa an ji wani kuka daga waje, kuma za a ci gaba.

Aka daɗe ana muhawara, har aka kai ga matsayar da ta faranta wa ɓangarorin biyu rai. Aka amince cewa igiyar da uban ƙasa ya sa wa baki a sa'arsa ta ƙarshe shaida ce ta girman zuciyarsa, bai kamata ta lalace a ramin kanwa ba. Za a rataye ta a jikin tsamiya, 'yan baya su gani su san irin shugaban da aka yi. Tun da doka ta hana kwancewa amma ba ta ce komai a kan yankewa ba, aka kira gafiya ta gutsure ta ta bayan wuya, don kada a taɓa ƙullin.

Igiya ta faɗi. Duna ya tsaya, iska tana taɓa wurin da gashi bai taɓa tsirowa ba. Ya juya ya dubi uwarsa.

"Inna, wuyana ba nauyi," ya ce.

Ita kuwa ta hango babban magajin Akawal yana tahowa da sabuwar igiya, matashi ne mai haƙora farare masu ƙarfi. Gunya ya nemi a ɗaura ta da sassauci, aka yaba masa tausayi.

Washegari ayarin kanwa ya tashi da Duna a cikinsa. Tsohuwar igiyar tana nan a jikin tsamiya har yau, ana kawo 'yan dukushi su gan ta, su haddace maganar nan ta masu kofato. Aura aka ba aikin kore mata gara. Ita kaɗai ta lura cewa tun da yawun ya bushe, ƙullin ya ƙara tsukewa.