Fitilar Korar Janbaki

Ba zan taɓa mantawa ba da damanar da na je korar tsuntsu da fitila, rana tsaka. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal a Tanout, surukina kuma, Baba Ilu, manomi ne a wani ƙauye kusa da Ollelewa. A shekarar geronsa ya yi kyau har ana zuwa kallo, sai tsuntsayen janbaki suka sauko masa. Matata ta ce Baba duk ya rame, wuni yake a gona yana jan igiyar gwangwanaye don korar su.

Na je Damagaram taro, sai na ga masu sayar da fitilar leza, 'yar siririya kamar biro, mai fitar da ɗigon haske. Dama na taɓa gani a waya ana korar tsuntsaye da irinta. Na tsaya wurin wani dattijo a cikinsu na ce, "Baba, tana korar tsuntsu?"

Ya ce, "A'a, Malam. Ta nuna rubutu ce a allo cikin aji. Lambar da ke jikinta ita ce ƙarfinta na gaskiya, kuma kaɗan ne. Kar dai ka haska idon mutum."

Na ce a raina tsohon nan bai iya kasuwa ba. Ina matsawa gaba wani saurayi ya tare ni. "Yallaɓai, dubi tawa, sifili har huɗu! Ashana take kunnawa. Ungulu ma gudu take, balle janbaki." Na saya nan take (ni fa ke koya wa yara lissafi, amma sifili huɗu suka ci ni da yaƙi).

Ranar Asabar na isa ƙauyen. Ni da ko ido ba na haɗawa da Baba, zumuɗi ya sa na ce, "Baba, a kwance igiyoyin nan, a huta."

Ya dubi ƙasa ya ce, "To, Mushe, ku ne masu ilimi." Aka kwance.

Kafin hantsi labari ya game gari. Maza, mata masu dawowa daga rijiya, har liman, duk suna bakin gona. Janbaki suka taso kamar hadari suka sauka. Na gyara babbar rigata, na miƙa hannu, na danna.

Shiru. Rana ta haɗiye hasken ƙurmus. Sai a tafin hannuna na samu ɗigon, kamar cizon sauro. Na matsa na haska wani tsuntsu da ke kan zangarniya dab da ni. Ya karkata kai ya kalle ni, ya ci gaba da cin geronsa.

Liman ya ji tausayina ya ce, "Ko pil ne suka mutu?"

Na girgiza ta da ƙarfi, murfin ya fita, pil ɗin, wato batiran, suka nutse cikin rairayi. Ga ni durƙushe ina tono, ga geron surukina yana tafiya a gabana. Ban san lokacin da na miƙe na ratsa gonar da gudu ba, ina kaɗa hannuwan riga ina ihu, "Haa! Haa!" Hulata ta faɗi, takalmi ɗaya ya bar ni. Tsuntsaye dai sun tashi. Jama'a kuwa har da masu riƙe ciki.

Baba bai yi dariya ba (wallahi da ya yi, da ya fi mini sauƙi). Ya sunkuya yana mayar da igiyoyinsa, na kama masa har azahar. Kusurwa guda ta gonar janbaki sun cinye ta tas, kuma wannan ya fi kunyar yi mini ciwo. Na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni."

Ya ce, "Ba komai, Mushe. Fitilar ce ba ta aiki, mai fitilar yana yi. Gobe ma ka zo da wannan rigar."

Na zo kuwa, na wuni ina ihu har muryata ta dishe. Tun ranar, kome na sayo, sai na gwada shi a bayan ɗaki ni kaɗai kafin in tara masa jama'a.