Ranar da Na Ceto Darakta Daga Hutunsa

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Laraba ce da azahar, ina cikin watannin gwaji a wani asibitin kuɗi da ke unguwar Cocotiers, a wata ƙasar masu magana da Faransanci. Daga Kano na zo da takardar aikin jinya, na sauka gidan kawuna mai shagon kayan abinci a unguwar Nzeng-Ayong, Faransancina bai wuce na sayen burodi da tsayar da taksi ba. Asibitin ne ya sa ni ajin koyon harshe, shi ne kuma ya tura mu kwas ɗin ceton rai, inda muka yi ta danna ƙirjin mutum-mutumin roba har kafaɗuna suka yi tsami. Tun daga nan nake yawo da ilimin nan kamar mai sabuwar wuƙa, ina neman abin yankawa.

A saman bene akwai ɗakin da suka ware wa ma'aikata don hutawa, da shimfiɗu masu laushi da ruwan sanyi, har da kusurwar da mu Musulmi muke salla. Can na nufa. Ina tura ƙofa na hango mutum a ƙasa, rigingine, hannuwa a warwatse, baki a ɗan buɗe.

Darakta ne. Dattijon likitan da sa hannunsa ne zai tabbatar da ni a aiki ko ya mayar da ni shagon Kawu. Kowa ya san yana da hawan jini, don ranar da aka auna lafiyar ma'aikata shi ya fara shiga layi, ya faɗa mana da bakinsa.

"Mushe Darakta!" na kira. (A nan haka ake ce wa kowane namiji don girmamawa, amma a kunnen Bakano, a irin wannan hali, kalmar ba ta yi daɗi ba ko kaɗan.)

Shiru. Na sake kira, shiru. Na zuba wa ƙirjinsa ido, ko motsi babu. Na daki jan maɓallin gaggawa da ke bango, ƙararrawa ta cika asibitin. Na leƙa waje zan yi kururuwa, Faransancin nan da aka kashe wa kuɗi ya gudu ya bar ni.

"Jama'a ku kawo ɗauki! Darakta ya faɗi!"

Na durƙusa, na kama rigarsa na fizge, maɓallai suka watse ƙasa. Na haɗa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, na yi bismilla, na danna da duk ƙarfina.

Sai gawa ta yi ihu.

Ya zabura, wasu 'yan ƙananan na'urori suka faɗo daga kunnuwansa. Daga ciki na ji muryar wata mace a hankali tana cewa a riƙe numfashi, a sake shi sannu sannu. Ashe atisayen kwantar da hankali yake yi, irin wanda shi da kansa yake roƙonmu mu riƙa yi. Sai a lokacin na ga takalmansa a jere a gefe, da tabaransa a kai. Wane mai faɗuwa ne yake jera takalmi?

Kafin in janye hannu ɗakin ya cika. Wani likita ɗan Kamaru da na'urar farfaɗo da zuciya, ma'aikatan jinya da gadon turawa, a gabansu Hajiya Rabi, ungozomarmu 'yar Maraɗi, wadda ita kaɗai ta fahimci ihuna ta fassara musu a guje. Ta dubi Darakta yana tari riƙe da haƙarƙari, ta dube ni.

"Ƙanena, ka taɓa kafaɗarsa kuwa? Ka kara kunne a hancinsa?"

"Na kira shi, Hajiya."

"Daga ina?"

"Daga ƙofa."

Ta rufe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Aka kai shi ɗaukar hoton ƙirji. Ni kuwa na tsaya a baranda ina zufa, ina hango kaina ina auna wa mutane shinkafa. Da aka ce yana kirana, na shiga. Na same shi sanye da koriyar rigar tiyata.

"Ba ka karya komai ba," ya ce, yana magana a hankali don in gane. "Da a ce da gaske na faɗi, da na so a ce kai ne ka shigo. Amma ka tsallake matakin farko. Za ka koma kwas."

Na koma. Aka kuma tabbatar da ni, sai dai har yau in na shiga ɗakin hutu, duk wanda ke kwance sai ya ɗaga hannu ya ce, "Da raina!" Har mai gadi ya iya faɗa da Hausa.

Abin da na koya dai shi ne, ba duk wanda ya kwanta ne ya faɗi ba. Kafin ka ceci mutum, ka ɗan taɓa shi ka ji ko yana bukata, musamman in rigarsa mai tsada ce.