Bijimin Baba Ardo Mai Ciki

Ko sunana na manta, ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa kaina a Kwatarkwashi ba.

Lokacin ina sabon ɗauka a wani shirin yi wa shanu rigakafi, ni ne mai kwamfuta. Kowace dabba ana maƙala mata ɗan tambari a kunne. In an haska shi da na'ura, sai ya ba da doguwar lamba gauraye da haruffa, daga A zuwa F (ƙidayar kwamfuta ke nan, sai ta kai sha shida take juyawa, ba goma ba). Ni na rubuta manhajar da ke mayar da ita lamba irin tamu. Na gwada a Gusau, lafiya lau. Muka je Tsafe, ko tuntuɓe babu. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Ranar da za mu Kwatarkwashi, a ƙasar Bungudu, sai na bar kwamfutata a caji, na suri wata tsohuwa ta ofis. Ai kwamfuta kwamfuta ce, in ji ni.

Baba Ardo, shugaban makiyayan wurin, shi ya sha fama kafin mutanensa su yarda su fito da garkensu. Saniyarsa aka fara kawowa. Na shigar da bayani: fara, mai ciki. Dakta Saudatu, likitar dabbobinmu, ta yi mata allura. Aka haska ta biyu, kwamfuta ta ce an riga an yi mata. Ta uku da ta huɗu ma haka. Allurar kuwa ba a maimaita ta, sai na ce a kora su gefe. Ga rana, ƙanƙarar akwatin magani na narkewa, wasu makiyayan har sun fara juya shanunsu gida.

Da aka haska ta biyar, ko kai ban ɗaga ba, na ce da ƙarfi, "Baba, saniya ɗaya kuke ta zagayowa da ita. Ga shi nan: fara, mai ciki. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Baba Ardo ya gyara sandarsa ya ce, "To ɗana, in ya haihu, na ba ka maraƙin."

Na ɗago. Baƙin bijimi ne wuluk, da ƙaton tozo, yana kallona. Jama'a suka kece da dariya har da masu riƙe ciki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Dakta Saudatu, Allah ya saka mata, ba ta yi dariya ba (a gabana dai). Ta ce, "Malam, rufe ta, ɗauko takarda." Baba Ardo ya aika aka dawo da waɗanda suka juya, ya tsaya yana faɗa mini sunan kowace saniya da mai ita, ni kuma ina rubutawa. Kafin la'asar mun gama, ko ɗaya ba ta rasa allura ba.

Washegari na gano matsalar. Tsohuwar kwamfutar ba ta iya ɗaukar doguwar lamba. In ta fi ƙarfinta, maimakon ta ce ta kasa, sai ta ba da babbar lambar da ta sani. Shi ya sa duk garken ya zama saniya ɗaya. A gaban shugabanmu kuwa Dakta cewa kawai ta yi, "Mun gano gyara da wuri." Da wannan kalma aikina ya tsira.

Tun daga ranar, duk abin da na rubuta sai na gwada shi a kowace kwamfuta, kuma kafin in buɗe baki sai na ɗaga kai. Baba Ardo har yau yana aiko mini da kindirmo, da saƙon cewa in ƙara haƙuri, bijimin bai haihu ba tukuna.