Ragon da Na Ciyar da Albasa

Shekarar da Nasara suka fara ratsa Jega bisa dawakai, ni ma na fito da nawa sabon abu. Na sayo ragon layya, na ɗaure shi a turke a gidana na Aliero. Kowa yana ba nasa harawa da dusa da 'yar kanwa. Ni kuwa na dubi rumfar albasata na ce, tunda nama ba ya daɗi sai da albasa, me zai hana in zuba ta tun ragon yana da rai?

Wata biyu cur albasa kawai yake ci. Da fitsarinsa ya koma ja, na tara maƙwabta na bayyana musu cewa jini ne ya yi masa yawa. Kawuna, wanda ya tsufa cikin kiwo, ya buɗe idon ragon ya gan shi fari fat.

Ya ce, "Ɗana, mi kaka ba dabbag ga?"

Na ce, "Kawu, kai dai jira Sallah."

Ranar Sallah surukina ya taso tun daga Maiyama. Mahauci ya feɗe rago, babu kitse ko na shafa leɓe, naman ya koɗe, sai ruwa da warin albasa. Aka gasa, ya ƙanƙance. Surukina ya tauna, ya sake taunawa, ya ce, "Albasa kam ta ji. Ina naman?"

Yanzu gemuna ya yi fari, amma duk na gifta rumfar mahauta sai wani ya ɗaga murya: "Malam, ragon bana barkono za shi ci ko daddawa?"