Autana, Matuƙin Kujerar Falo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsuke Bakin Aljihun Sojan Sama, gwanin almakashi, wanda bai taɓa ganin kasafi ya bar shi da tsawonsa ba.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da sanyin ofishinka da ragi bai shafa ba. Ni tela ce, gidana yana jingine da katangar sansanin jiragen yaƙi, kuma ni na haifi ɗaya daga cikin matuƙan da kake alfahari da su. Auta muke ce masa. Na ji ka a rediyo kana cewa samaniyar ƙasar nan a kulle take, ko ƙuda ba ya ratsawa sai da izini. Ranka ya daɗe, dariya sai da ta sa na soke yatsa da allura. Ga 'yan koke-kokena, a yi haƙuri da tsohuwa.

Na ɗaya, godiya ce. A da in jirage suka tashi, kwanuka rawa suke yi a kan kanta. Tun da ka rage mai, unguwa ta yi tsit. Ciyawa ta cinye titin tashin jirage, wanda ya rage kuma matan hafsoshi ke koyon mota a kai. Tattabaru sun tare a injin babban jirgin nan, har sun ga jikoki. Su ne kaɗai rundunar da nake gani tana atisaye kullum, kuma ba ko sisinka.

Na biyu, na'urar hango jiragen abokan gaba. An ce tana aiki ƙwarai, in akwai wuta. In an ɗauke, sai a jira, don janareto ma yana cikin waɗanda aka yi wa ritaya. Shin, ranka ya daɗe, an rubuta wa abokan gaban ne su riƙa tambaya ko an kawo wuta kafin su taso? Sun amsa?

Na uku, Auta. Rabonsa da tashi sama tun 'yarsa tana rarrafe, yau ga ta tana zuwa makaranta. An ce su ci gaba da horo a gida. Saboda haka kullum da hantsi yake zama a kujerar falona, ya kunna fanka, ya riƙe sandar goge-goge tsakanin gwiwoyi, yana karkata dama da hagu. Matarsa ce hasumiyar kula da jirage. Daga kicin take ƙwala masa kira: "Kyaftin, an ba ka izinin sauka, abinci zai huce!" Duk mu yi dariya, har da shi. Amma na san ɗana, dariyar iyakarta haƙori. Kayan tuƙinsa kuwa na buɗe musu ciki har yadi ya ƙare, don zama ya sa ya ajiye tumbi.

Na huɗu, wanda ya sa na ajiye ɗinki na ɗauki biro. An sanar cewa mako mai zuwa jirgi zai yi shawagi a kan manyan baƙi, don a rufe bakin masu cewa ba mu da tsaro. Jirgin na san shi, ta tagar ɗakina na ga haihuwarsa: fiffiken wannan, tayar wancan, injin wani da aka kori tattabaru daga ciki. Ni da nake haɗa ƙyallaye in yi abin shimfiɗa, sai da na sara wa makanikanku. An shafa masa fenti, yana ta ƙyalli. Kuma Auta aka zaɓa ya tuƙa shi.

Shekaranjiya ya shigo da lemar da ake dira da ita in jirgi ya lalace, ya shimfiɗa a kan kekena. Ɓera ya yi mata tagogi. Ya ce, "Mama, ɗan kama mini nan, kada ki gaya wa kowa." To, ga shi na gaya wa kowa. Ni labule na iya da kayan makaranta. Ban taɓa ɗinkin da ran ɗana zai rataya a jikinsa ba. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, tsoro ƙwarai.

Don haka ga roƙona, kuma ba zai ci maka ko kwabo ba. Jirgin nan kujera biyu gare shi. Mai zama a baya kun sallame shi wajen ragi, wurin yana nan babu kowa. Tunda ka tabbatar wa ƙasa cewa komai lafiya lau, ka taimaka ka zauna a bayan Auta ranar. Ni da kaina zan raka ku har gindin tsani, in yi muku addu'a ku biyu. In kuwa ka leƙa jirgin ka ji ƙafarka ta yi nauyi, babu komai, kai ma uwa ce ta haife ka. Sai ka bar mini nawa a ƙasa.

Taka mai biyayya, har ƙasa, inda muke duka,

Tela, uwar Auta,
Bayan katangar sansani.