Ranar da Akwatina Ya Zama Kamfanin Wuta

Jama'a, ku yi haƙuri da ni a wannan makon, a tsaye nake muku rubutu. Gwiwata ta hagu ta ƙi lanƙwasuwa tun ranar da na wuni tsugune a bayan katangar makarantar unguwarmu, tsakanin kwata da tulin shara, ina yi wa al'umma hidima. Da safen nan na ɗingisa zuwa wurin mai kemis, ya tambaye ni ko faɗuwa na yi, na ce masa a'a, aikin hukuma ne. Ya ce to wannan ciwon ba shi da maganinsa, amma dai ya ba ni man shafawa.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, wato daga sayayya. Ni dai da ma ba mai sa'ar kaya ba ne. Na taɓa sayen agogon hannu da aka ce yana auna bugun zuciya, na ɗaura shi a ƙafar kujera don gwaji, ya ce kujerar lafiyarta ƙalau, har ta fi ni. Amma a bana Allah ya dube ni da idon rahama. Na sayi fanka mai caji, wadda mai ɗakina ta karɓe tun a bakin ƙofa, yanzu sai dai in raɓa gefenta in samu ragowar iska. Na sayi injin aski mai batir, na huta da wanzamin da ake ɗauke masa wuta ya bar mutum da rabin kai. Sai kuma babban su duka, sanyin idona, akwatin wuta.

Girmansa bai wuce kular abinci ba. Yana da hannun ɗauka, da wuraren jona waya, da ɗan allo mai nuna maka abin da ya rage a cikinsa, ba ƙarya ba ƙari. Faifan solarsa na bisa kwano yana shan rana. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya neman fetur. Wanda ya san irin zaman da na yi da tsohon janaretana zai gane abin da nake faɗa. Na sha tsayawa a layin mai da jarka tun ina gaida na gabana har mun zama 'yan'uwa, ya san sunayen 'ya'yana na san ciwon bayansa, sai an zo kanmu a ce mai ya ƙare. Yanzu kuwa idan na wuce layin sai in ɗaga musu hannu kawai. Wallahi ina son akwatin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da yamma nakan goge shi da tsumma in zauna ina kallonsa, har mai ɗakina ta ce ko lokacin da nake neman aurenta ban kalle ta haka ba. Na ce mata ai ke ba ki nuna mini abin da ya rage a ranki a allo. Ranar nan cikin zafi na kwana, an juya fankar ta kalli bango.

To ka san unguwar da ta daɗe ba wuta. Tun da taransifomarmu ta yi bindiga ta mutu, yaran da aka haifa a lokacin har sun fara tsokanar mutane a hanya. Gidana ya koma wurin cajin waya, ana sallama ana miƙo caja kafin a tambayi lafiyata. Duk wannan da sauƙi. Wanda abin ya fi ci shi ne maƙwabcina mai walda, da muke kira Tartsatsi. Shagonsa na kallon ƙofar gidana. Injinsa na walda shi ne duk abin da ya mallaka, ya yi shekara da shekaru yana yi wa wani aiki kafin ya haɗa ya saya, ga shi yanzu a lulluɓe da buhu. Ya gwada janaretan haya, fetur ya cinye ribar har da uwar kuɗin. Mun ma gwada jona injin da akwatina, bawan Allah ya yi ɗan kuka ya kashe kansa, muka ba shi haƙuri muka cire. Akwai wani mai sayen tsofaffin injuna da ya daɗe yana zarya yana taya injin, Tartsatsi yana ce masa ya dakata, an yi alkawarin sabuwar taransifoma. Ya gaya mini da bakinsa cewa idan wannan alkawarin ma ya bi sahun na baya zai sayar, ya rufe shago, ya je ya nemi gadi.

Sai ga mota ta sauke mana taransifoma, sabuwa fil, fenti yana ƙyalli. Aka ɗora ta a kan dakalin siminti gaban makaranta, aka ce Mai Girma Babban Mai Yanka Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, shi da kansa zai zo ya ƙaddamar. Abu ɗaya ne kawai ya rage, ɗan ƙaramin abu, ba a jona ta da komai ba.

Ana gobe taro shugaban kwamitin unguwa, wanda kowa ke kira Ciyaman har matarsa, ya yi sallama da ni shi da ɗan kwangilar da ya kawo taransifomar. Suka yabi akwatina yabon da ban taɓa samu ni kaina ba. Daga nan suka zo kan batu. Za a kafa allo a gaban rumfa, da ƙwan fitila da makunni. Mai Girma zai danna makunnin, ƙwai ya kama. To amma tunda wayoyin jonawa suna hanya, ana so a ja siririyar waya ta ƙarƙashin darduma ta haura katanga zuwa akwatina, ni kuma in danna nawa makunnin a daidai lokacin. Ciyaman ya ce idan taro ya yi kyau ran Mai Girma zai yi fari ya sa hannu a jona mu, idan kuwa ya ji kunya a gaban 'yan jarida to mu manta da wuta har jikokinmu. Na tambayi yadda zan san lokaci ya yi tunda ba na ganin komai ta bayan katanga. Ɗan kwangila ya ce wannan ai mai sauƙi ne, da na ji tafi in danna.

Tartsatsi ya tare ni bayan sun tafi. Shi nasa lissafin daban ne. Ya ce muddin ƙwan nan ya kama a gaban kyamara, an gama da mu, za a ce unguwa ta samu wuta a wuce gaba. Gara a bar shi a mace, mutumin ya gani da idonsa. Na ce masa zan yi tunani. Gaskiyar magana kuwa, yabon da aka yi wa akwatin ya riga ya shige ni, ina so duniya ta ga aikinsa.

Washegari na tsuguna a inda na gaya muku, akwati a kan bulo, na yi masa inuwa da hulata. Can sai ga Tartsatsi ya zagayo, ya tsuguna kusa da ni. Muka ji jiniya, muka ji ƙofofin motoci, muka ji ana jera sunayen manyan baƙi kowanne da wutsiyar muƙamansa.

Abin da ni da ɗan kwangila muka manta shi ne, Mai Girma ba ya tafiya sai da 'yan tafinsa. Mota guda ake cikowa da su, kuma mutane ne masu riƙon amanar aiki. Yana karɓar makirfo ya yi gyaran murya, sai tafi ya ɓarke raf-raf-raf. Ni kuwa na danna. Sai na ji filin ya ɗauki sowa, daga nan na hango kan Ciyaman ya leƙo ta saman katanga, ido a waje, yana yi mini alama da hannu kamar mai korar kaza. Na kashe. Mai Girma ya ci gaba da jawabi, ya ce ya san irin duhun da muke ciki, duhun nan yana hana shi barci. Aka sake tafi, wannan karon har da fito, na ce to yanzu kam lokaci ya yi, na danna. An gaya mini daga baya cewa ƙwan ya haska ne daidai yana nuna shi da yatsa yana cewa ku dubi yadda yake a mace. Kan Ciyaman ya sake ɓullowa, gumi na zuba, na sake kashewa.

Daga nan na ƙudura ba zan ƙara yarda da tafi ba, sai na ji da kunnena. Aka daɗe ana zuba. Ƙafata ta mutu, ƙuda suka gama sanina. Can mai gabatarwa ya ce yanzu Mai Girma zai yanka ƙyalle ya danna makunni, a yi shiru. Aka yi tsit. Na kai yatsa, sai Tartsatsi ya yi magana a hankali, bai ko kalle ni ba.

"Maƙwabci, don Allah kada ka danna. In ka danna, injina ya tafi ke nan."

Na dubi hannuwansa a kan gwiwa, duk tabon ƙuna, sun yi laushi saboda rashin aiki. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni. Na janye yatsana na rungume hannu. Muka ji ƙas, Mai Girma ya danna. Muka ji ƙas-ƙas, ya sake. Ƙwai ko gezau. Shirun da ya biyo baya har kukan akuyar wani gida muna ji. Ni kuwa ina jin kaina wani jarumi, ina cewa yau dai gaskiya ta fito fili, a yi duk wadda za a yi.

Sai muryar wata tsohuwa ta taso daga cikin taro, cikin natsuwa, irin ta wadda ta ga jiya ta ga yau.

"An ɗauke."

Filin ya fashe da dariya. Kowa na gyaɗa kai, ana cewa ai kuwa, halinsu ne, ko Mai Girma ba su bari ba. Shi kuwa gogan naku, ba a banza ya kai inda ya kai ba. Ya karɓi makirfo ya ce jama'a shaida ne, kafin ma ya taɓa makunni an kawo har sau biyu, yanzu kuma an ɗauke, wane tabbaci ake nema da ya wuce wannan cewa an haɗa unguwar nan da babban layi kamar kowa? Ya ce masu cewa aikin na bogi ne su zo su gani, wutar bogi ba ta ɗaukewa. Aka yi tafin da ya fi na baya duka. Har wasu 'yan unguwarmu suka ruga gida duba soket.

Ku duba fa. Da na bar ƙwan a kunne tsaf ba ƙyaftawa, wataƙila wani ya yi shakka, don ba mu saba ganin irin wannan wutar ba. Da na kunna na taimake su, da na ƙi kunnawa na fi taimakonsu. Ciyaman har rungume ni ya yi, ya ce bai san ina da basira haka ba, wannan ɗaukewar ta ƙarshe ita ta ƙawata taron.

Kafin la'asar an kwashe rumfa da kujeru, sai ga motar nan da ta kawo taransifoma ta dawo. Aka ce za a kai ta a ɗan duba lafiyarta. Ni na zaci sai an kawo ƙugiya, sai na ga leburori sun ɗaga ta da hannu suna hira. Ashe gwangwani ce, ba komai a cikinta sai iska. Matsalarsu ɗaya, santsin fenti, ba wurin kamawa, har ta kusa suɓuce musu a kan ƙafar direba. Ɗan kwangila ya yi tsaki, ya ce haka suka sha wahala a unguwar da suka baro, kuma akwai wasu unguwannin a gaba suna jiran nasu bikin. Ya waiga ya tambaya ko akwai mai walda a kusa.

Kowa ya dubi Tartsatsi. Na zaci zai zage su, ni ma na shirya taya shi. Sai ya tafi ya buɗe shago, ya yaye buhun, ya karkaɗe injinsa. Suka sauke janaretan da ya yi wa lasifikar taro aiki suka tayar masa. Rabon da in ga wannan shuɗin hasken a ƙofar shagon nan har na manta, yara suka taru ana kore su kada su kalla. Ya yanko ƙarfe, ya lanƙwasa, ya yi wa taransifomar hannuwa biyu kowane gefe, ya goge bakin waldar sumul, har ya shafa fenti don kada a ga tabo. Leburori suka gwada, suka ce yanzu ko mutum biyu sa ɗauka.

Da motar ta tafi sai ya kira mai sayen injunan nan, da wayar da ya caja a gidana, ya ce ya zo ya ɗauka. Na ce masa ko zai ƙara haƙuri kaɗan. Ya girgiza kai yana naɗe wayar injin a hannu.

"Ai na ga abin da nake jira, har na yi masa hannu. Kuma aiki na yi musu na gaskiya, zai zagaye garin nan kaf bai ɓalle ba."

Yanzu shagon a kulle yake, yana gadi a wani sito can bayan gari, sai jefi-jefi muke haɗuwa. Don haka idan kuka ji an ce za a kawo muku sabuwar taransifoma, ku fita ku tarbe ta da mutunci, ku zagaya ta gefe ku duba. In kun ga hannuwa masu kyau, to ku yaba wa mai waldar, shi kaɗai ne a cikin aikin ya cika alkawari.