A Ara Mana Yaran, Kamar Yadda Muka Ara Muku Benci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Manoma, kuma Kawuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar yabanya da lafiyar shanun huɗa. A gafarce ni idan rubutuna ya karkace. A tsaye nake yin sa, domin kujerata tana ofishinku tun taron da ya wuce.

Kawu zai tuna ranar da ƙungiya ta so fitar da matsayinta a kan makarantun karkara, aka nemi wanda ya iya tsara magana. Kafin a rufe baki na ɗaga hannu. Na tsara, dattawa suka yi tafi, na dawo gida ina karanta wa maiɗakina. Ta ce, "Malam, ka dai san mutanenka. Abin da ka rubuta, shi za su yi." Na ce ai abin da ake nema ke nan. To, an yi.

Na ɗaya. Na rubuta cewa makaranta ta al'umma ce, kowa ya ɗauke ta tasa. Kowa kuwa ya ɗauka. Bencunanmu suna wurin taro, ƙararrawa tana korar tsuntsaye a gonar ma'aji, aji uku ya cika maƙil da buhunan taki. Ban taɓa samun ɗalibai masu natsuwa kamarsu ba, ga shi ba sa fashi. Amma shin su zan kai jarrabawa?

Na biyu. Na rubuta a daidaita hutun makaranta da aikin gona. Ni shuka da girbi nake nufi. Da duk karatuna na manta da sharar gona, da noman farko, da maimai, da roron wake, da sussuka, da noman rani. Da na cire su duka daga kalanda, ranar kasuwa kaɗai ta rage mana. Ita ma wa ke kai kaya, in ba yaran ba?

Na uku. Na rubuta a riƙa koyar da noma a aikace. Ina godiya da Kawu ya ba da gonarsa kyauta don wannan darasi. Ranar da na bi yaran can don kiran suna, fartanya aka miƙo mini, na kasa cewa a'a saboda ni na rubuta. Har yau da dabara nake ruku'u.

Na huɗu, kuma shi na rubuta da zuciya ɗaya: kada a rufe ko da makarantar karkara guda. Kawu, mai duba makarantu ya zo ya tarar da ni ina share aji ni kaɗai. Ya ce idan ya dawo ya ga haka, za a haɗe mu da makarantar cikin gari, ta ƙetaren rafi. Manyan yara za su iya tafiyar. 'Yan aji ɗaya fa, da damina? Autarka ta fara haɗa baƙi. Kwanan nan na same ta tana karanta rubutun jikin buhunan nan da kanta, tana bi da yatsa. In aka rufe, karatunta a jikin buhu zai tsaya.

Saboda haka nake roƙo da ladabi: a ara mana yaran daga safe zuwa azahar, kullum, ba ranar mai dubawa kaɗai ba. Na yi alkawarin dawo da su da ƙafafunsu cif, ba kamar benci gudan da aka dawo mana da shi ba.

Idan roƙon yana buƙatar sabon matsayi a rubuce, a taimaka a nemi wani marubucin. Maiɗakina ta ɓoye biron. Wannan ma da fensirin autarka na rubuta.

Naka mai biyayya har kullum,
Ɗan ƙanwarka,
Malamin aji ɗaya zuwa shida, mai gadin taki a aji uku